Fili naka, barewa ta jama'a: Yadda doka ke bin maharba har kan bishiya a Amurka da Jamus

Idan kaka ta yi a Amurka, ganye ya fara zuba, maharba masu ɗimbin yawa kan fita tun da duhun asuba su nufi dawa. Da yawa daga cikinsu ba sa bin sawun nama kamar yadda ake yi a farautar gayya. Dako suke yi. Wani zai hau ɗan gadon ƙarfe da ya ɗaure a jikin bishiya, ƙafa 15 zuwa 20 daga ƙasa, ya zauna shiru har hantsi. Wani kuma zai shige 'yar bukka ta katako ko ta yadi mai launin ganye, ya zuro bakin bindiga ta taga. Abin da suke jira shi ne barewa mai farar wutsiya, dabba mai kaifin hanci da kunne, wadda ba kasafai take ɗaga kai ta duba sama ba.

Dabarar ɓuya domin nama ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Maharbin da ya ɗaura kan burtu a goshinsa yana rarrafe cikin ciyawa, ɓuya yake yi a gaban idon abin da yake nema. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne yawan dokokin da suka kewaye wannan ɗan gado da wannan 'yar bukka, da yawan shari'o'in da aka tafka a kansu, har a kan filin da mutum ya saya da kuɗinsa. Idan gonar tasa ce, bishiyar tasa ce, bindigarsa kuma tana da lasisi, ina ruwan hukuma da inda ya zauna?

Amsar da ƙasashen nan suka bayar tana da tsari guda. Doka tana shiga filin mutum ne a duk inda cutarwa za ta iya tsallake iyakarsa ta faɗa wa wani, tana kuma ja da baya inda cutarwar ta tsaya a kansa shi kaɗai. Rigimar da har yau ba ta lafa ba ita ce ta wanda zai shiga ya duba.

Mai fili daban, mai nama daban

Tushen maganar yana cikin wata ƙa'ida ta shari'ar Amurka da ta raba ƙasa da dabbar da ke yawo a kanta. A tsohuwar Ingila, naman dawa na sarki ne da manyan masu ƙasa, talaka kuwa idan ya taɓa, sunansa ɓarawo. Amurkawa suka juya wa wannan tsari baya. A shekarar 1842 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan wata taƙaddamar kamun kawa a gaɓar teku, inda ta nuna cewa ikon da a da yake hannun sarki ya koma hannun jama'ar kowace jiha. A 1896 kotun ta faɗaɗa wannan fahimta zuwa namun daji, ta ce jiha tana riƙe da su ne amana domin al'ummarta. An rage kaifin wannan hukunci a 1979 ta fuskar cinikayya tsakanin jihohi, amma ikon jiha na kare namun dajinta yana nan daram.

Yunwa ce ta koya musu wannan darasi. Zuwa farkon ƙarni na 20, farautar kasuwa ta kusa ƙarar da barewa mai farar wutsiya, har aka ƙiyasta cewa waɗanda suka rage ba su wuce rabin miliyan ba. Aka kafa dokar tarayya ta 1900 da ta haramta safarar naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, sannan a 1937 aka ware harajin bindigogi da harsasai domin farfaɗo da dawa. Yau ana ƙiyasin yawan wannan barewa ya kai kimanin miliyan 30.

Sai dai kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙasar Amurka a hannun ɗaiɗaikun mutane da kamfanoni take, a jihar Teksas ma abin ya haura kashi 90. Ke nan dukiyar jama'a tana kwana tana tashi ne a gonakin masu zaman kansu. Mai fili yana da ikon hana kowa shiga, amma ba shi da ikon harbin barewar da ke cin amfaninsa sai a lokacin da jiha ta buɗe, kuma bisa adadin da ta ƙayyade. Gadon dako yana tsaye ne daidai inda waɗannan haƙƙoƙi biyu suka yi karo.

Gadon wani, bishiyar wani

Ranar 21 ga Nuwamban 2004, kwana na biyu da buɗe farautar barewa da bindiga a jihar Wiskonsin, wasu maharba suka tarar da baƙo zaune a kan gadon dakonsu, cikin wani fili mai zaman kansa da ke maƙwabtaka da dajin gwamnati. Baƙon shi ne Chai Vang, ɗan ƙabilar Hmong haifaffen ƙasar Laos, mazaunin jihar Minesota. Aka ce ya sauko ya fita. Cacar baki ta kaure, aka koma harbi, mutum 6 suka mutu, 2 suka jikkata. A gaban kotu, Vang ya ce an ci zarafinsa da kalaman wariyar launin fata, kuma shi aka fara harba. Waɗanda suka tsira suka ce shi ya fara. A watan Satumban 2005 masu taya alƙali shari'a suka same shi da laifi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai har sau 6.

Ba a cika samun ƙarshe mai muni irin wannan ba, amma mafarin rigimar abu ne da ake gani kowace kaka: wani ya hau gadon da ba nasa ba, ko ya kafa nasa a filin da ba a ba shi izini ba, ko ya ce bai san ya tsallake iyaka ba. Saboda haka kaso na farko na dokokin gadon dako yana kare mai fili ne daga baƙo.

A jihar Fensilbeniya laifi ne maharbi ya raunata bishiya wajen kafa gado ko hawa, a filin gwamnati ne ko na wani, sai idan shi ne mai filin ko yana riƙe da rubutaccen izini daga gare shi. Dalilin na tattalin arziki ne. Ƙusar da aka buga a jikin bishiya takan nutse cikin itace bayan shekaru, ta lalata katako, kuma idan zarton masana'anta ya ci karo da ita yana iya tarwatsewa ya ji wa ma'aikaci rauni. Daga 2020 jihar ta kuma ba masu fili damar shafa fenti launin shunayya a jikin bishiyoyin kan iyaka a madadin allon gargaɗi, kamar yadda Teksas da wasu jihohi suka riga suka yi. Allo ana iya cire shi a jefar, iska ma tana kayar da shi, fenti kuwa yana daɗewa.

A filin gwamnati ƙa'idar ta fi tsauri. Jihar Mishigan ta ce gadon ya zama mai ɗaukuwa, kada a buga ƙusa ko noti a bishiya, a rubuta sunan mai shi a jiki, kada a kafa kafin 1 ga Satumba, a kuma sauke shi zuwa 1 ga Maris. Mai fili a gonarsa bai shiga wannan sahu ba. Yana iya gina ɗaki guda a kan turaku, ya bar shi shekara da shekaru.

Harsashi bai san iyaka ba

Kaso na biyu na dokokin shi ne wanda ke ɗaure mai filin kansa, domin akwai abin da shinge ba ya tarewa. Harsashin babbar bindigar farauta yana iya tafiyar da ta haura kilomita guda, kuma ba ya tambayar wa ke da takardar ƙasa.

Fensilbeniya ta shata da'irar kariya ta yadi 150, kimanin mita 137, kewaye da kowane gidan da ake zaune a ciki. Mai bindiga ba zai yi farauta a cikinta ba sai da yardar mazauna gidan, ko da ƙafarsa tana kan filinsa. Ga mai kwari da baka an rage nisan zuwa yadi 50. Teksas ta bi wata hanya: laifi ne mai farauta ya yi harbin da harsashinsa zai tsallaka filin maƙwabci, sai idan akwai rubutacciyar yarjejeniya tsakaninsu. Wannan doka ba ta hana kafa bukka a bakin shinge ba, amma ta sa wanda ya kafa ya yi tunanin inda tagarsa take kallo.

Bukkar ƙasa tana da nata haɗarin. An yi ta ne domin kada a ga mutum, wanda ba a gani kuwa ana iya harbinsa bisa kuskure. Dokar Fensilbeniya ta wajabta wa mai farautar barewa da bindiga sanya tufa mai launin ruwan lemo mai ƙyalli, wadda faɗinta ya kai murabba'in inci 250 a kai da ƙirji da baya. Amma me rigar za ta amfana idan mai ita yana cikin rufaffen ɗaki? Sai aka ƙara cewa a rataya wani ƙyalle mai wannan launi, aƙalla murabba'in inci 100, kusa da bukkar, ta yadda za a hango shi daga kowace fuska. Barewa ba ta bambance wannan launi kamar yadda idon mutum yake yi, don haka farauta ba ta ɓaci ba.

Akwai ma wuraren da doka ke tilasta hawa sama. A wasu ƙananan hukumomi na jihohin Bajiniya da Karolina ta Arewa, inda ƙasa take shimfiɗe kuma gidaje suke kusa da juna, ba a yarda a harbi barewa da bindiga mai cin dogon zango ba sai daga kan gado mai tsayin da aka ƙayyade, galibi ƙafa 8 zuwa sama. Wanda ya yi harbi daga sama, ƙasa yake kallo, idan ya kuskure harsashin ya nutse cikin turɓaya.

Gwamnatin tarayya ma ta taɓa sa baki, wannan karon domin kare dabbar. Tun 1935 aka haramta wani irin akwatin ɓuya da ake nutsarwa cikin ruwa har ya yi daidai da samansa, wanda maharban agwagin ruwa suke kwanciya a ciki. Ya yi tasiri har ya wuce gona da iri. Haramcin ya shafi kowane ruwa, ko na wane ne, saboda tsuntsayen masu ƙaura ne da ke ƙarƙashin dokar tarayya ta 1918.

Inda doka ta yi shiru

Abin mamaki shi ne, babban haɗarin gadon dako yana wurin da doka ba ta cika leƙawa ba. A 2010 likitocin Jami'ar Jihar Ohayo suka wallafa wani nazari kan maharban da aka kawo manyan asibitocin masu rauni a yankinsu. Rabin raunukan daga faɗowa suka samo asali, kusan duka daga gadon bishiya, yayin da raunin bindiga bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Karayar ƙashin baya, shanyewar jiki da buguwar kai su ne abin da aka saba gani. Maharbi yakan faɗo ne wajen hawa ko sauka, cikin duhu da raɓa, ko idan gyangyaɗi ya ɗauke shi, ko kuma idan igiyar da rana da ruwa suka cinye ta tsinke.

Maganin sananne ne: ɗamara mai kama kafaɗu da cinyoyi, wadda ake ɗaure igiyarta a jikin bishiya tun daga ƙasa har sama. Kamfanonin da ke ƙera gadajen kan haɗa ta cikin kwali ɗaya da gadon. Jihar Alabama ta wajabta ta a dazuzzukan farauta da hukuma ke gudanarwa. A fili mai zaman kansa kuwa, shawara ce kawai a kusan ko'ina. Hujjar ita ce wuyan mutum nasa ne, kuma babu maƙwabcin da zai cutu idan ya faɗo.

Akwai kuma batun diyya. Idan baƙo ya faɗo daga ruɓaɓɓen gado a gonar wani, wa zai biya? Domin kada tsoron ƙara ya sa masu fili su rufe ƙofa, dukkan jihohi 50 suna da dokokin da ke sassauta alhakin wanda ya bar jama'a su shiga filinsa kyauta. Galibi wannan kariya tana raguwa idan ya karɓi kuɗi, ko ya san da haɗari ya ɓoye da gangan. Shi ya sa masu ba da hayar dajinsu ga ƙungiyoyin maharba sukan nemi inshora da rubutacciyar yarjejeniya kafin a kafa gado ko ɗaya.

Wa zai shiga ya duba?

Dokar da ba a ganin mai karya ta, rubutu ce a takarda. Malamin daji ba zai san ko an rataya ƙyallen gargaɗi ba, ko an zuba hatsin tarko inda aka hana, sai ya shiga. A nan ne aka fi kai ruwa rana.

A 1924 Kotun Ƙolin Amurka, ta bakin Mai Shari'a Oliver Wendell Holmes, ta ce kariyar da tsarin mulki ya ba mutum daga binciken da ba shi da sammaci ta tsaya ne ga jikinsa, gidansa, takardunsa da kayansa, ba ta kai ga buɗaɗɗen fili ba. A 1984 kotun ta sake jaddada haka a shari'ar wata gonar tabar wiwi a jihar Kentaki, duk da cewa akwai kulle a ƙofar shiga da allon hana wucewa. A kan wannan ginshiƙi jami'an namun daji suka daɗe suna shiga gonaki ba tare da sallama ba.

Wasu jihohi, kamar Montana, Oregon da Bamont, sun ce nasu tsarin mulkin ya fi haka kare mai fili. Shari'ar da ta fi jan hankali a 'yan shekarun nan ita ce ta jihar Tenesi, inda wasu masu gonaki biyu suka tarar an maƙala kyamarori a bishiyoyinsu ba da saninsu ba. Suka shigar da ƙara a 2020. A 2022 kotu ta ba su gaskiya, a watan Mayun 2024 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar cewa shigar da aka riƙa yi musu ta saɓa wa tsarin mulkin jihar, wanda ya ambaci abin da mutum ya mallaka cikin abubuwan da aka kare. A Fensilbeniya kuwa, kotun ƙolin jihar ta goyi bayan jami'ai a 2007, kuma a 2021 wasu ƙungiyoyin maharba biyu suka sake ta da maganar a kotu.

Kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a raina ba. Jami'ai suna cewa idan sai an sami sammaci kafin a shiga, to a jihar da kusan duk ƙasarta ta masu zaman kansu ce an miƙa amanar jama'a ga masu shinge. Masu fili suna cewa sayen lasisin farauta ba ya nufin mutum ya sallama sirrinsa, kuma jami'in da ke laɓe cikin daji lokacin da ake harbi yana jefa kansa da wasu cikin haɗari.

Hanyar da Jamus ta bi

Duk wanda ya ratsa karkarar Jamus zai ga dogayen gadaje na katako a bakin gonaki da dazuzzuka. A can, tun bayan juyin 1848, haƙƙin farauta yana tare da mallakar ƙasa, amma amfani da shi yana da sharaɗi. Dokar farauta ta tarayya ta 1952 ta ce sai mai hekta 75 a dunƙule ne zai riƙe yankin farautarsa shi kaɗai. Masu ƙananan filaye ana haɗa su cikin ƙungiya guda bisa dole, ƙungiyar kuma takan ba wani maharbi hayar yankin na tsawon shekaru.

Wannan ya sa sau da yawa mai kafa gado ba shi ne mai ƙasar ba. Jihar Rhine ta Arewa da Westfaliya ta warware matsalar da cewa sai da yardar mai ƙasa, amma shi ma ba zai ƙi ba idan abin ba zai takura masa ba kuma an biya shi diyyar da ta dace. Ta kuma hana kafa gadon dako a cikin mita 75 daga iyakar yankin maharbin da ke maƙwabtaka, sai idan sun yi yarjejeniya, domin kada wani ya zauna a bakin iyaka yana tare naman da ke fitowa daga wajen ɗan'uwansa.

Tsarin bai tsira daga ƙalubale ba. A watan Yunin 2012 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ba wani mai fili gaskiya, wanda ya ce lamirinsa bai yarda da farauta ba, don haka bai kamata a tilasta masa jure ta a ƙasarsa ba. A 2013 Jamus ta gyara dokarta, ta ba irinsa damar neman a cire filinsa daga yankin farauta.

Abin lura ga masu tsara doka

Gadon ƙarfe a kan bishiya ba ya cikin matsalolin da ke gaban Majalisar Tarayya, amma tambayar da ke ƙarƙashinsa tana zuwa teburin jami'an gwamnati da hadiman 'yan majalisa a kai a kai. Sashe na 11 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ba gwamna, ko jami'in da ya wakilta, ikon shiga ya duba filin da aka ba da takardar mallakarsa a lokacin da ya dace da rana. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 kuma ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa. Duk ƙa'idar da za ta aika jami'i cikin gonar wani, ta muhalli ce ko ta lafiyar dabbobi, tsakanin waɗannan sassa biyu za ta ratsa.

Dokokin da aka zayyana a sama waɗanda suka zauna lafiya suna da kamanni guda: sun ambaci wanda ake karewa, sun kuma zo da ma'aunin da kowa zai iya gwadawa da kansa, yadi 150 ko mita 75 ko ranar 1 ga Maris. Wadda ta kai hukuma gaban alƙali a Tenesi ita ce wadda ta ba jami'i ikon shiga ba tare da faɗin yaushe, sau nawa, ko wa zai sa masa ido ba. A tsakiya kuma an bar maharbin da ke gonarsa ya zaɓa wa kansa ko zai ɗaura ɗamara, kuma asibitoci suna karɓar waɗanda suka faɗo daga gadon dako a kowace kaka.